Ragnhild da Ƙararrawar da Take Kira a Waya

A layinmu idan mutum ya manta lambar likitan haƙori ko ta mai gyaran famfo, ba ya wahalar da kansa da neman littafi. Tagar Ragnhild yake ƙwanƙwasawa. Ba za ta ko ajiye abin da ke hannunta ba, za ta karanto masa lambar, wani lokaci har ta ƙara masa da wadda mutumin yake amfani da ita kafin ya sake gida. Shekara talatin da ɗaya ke nan gidana na kallon nata, kuma tare muke waƙa a ƙungiyar mawaƙan cocin garinmu, amma ban taɓa kama ta da kuskuren lamba ba.

Abin ya samo asali ne tun tana budurwa. Tana da shekara goma sha bakwai aka ɗauke ta aiki a ɗakin haɗa waya na garin, wani ɗan ɗaki a bayan gidan waya mai warin kananzir da jiƙaƙƙen ulu. A lokacin ba ka buga lamba da kanka. Sai ka ɗaga waya, Ragnhild ta amsa, ka gaya mata wanda kake nema, ta soka igiyar waya a ramin gidansu da ke jikin wani allo a gabanta. Garin masunta ne a bakin tekun yammacin yankin Jutland, saboda haka duk ranar da iska ta tashi jiragen kamun kifi na cikin teku, allon gabanta kan cika da ƙananan fitilu, matan gari kowace na tambayar ko an ji labarin jirgin mijinta. Ta ce a ranaku irin waɗannan ta koyi yin magana a natse.

Akwai abu ɗaya da take alfahari da shi fiye da komai. Shekara tara ta yi a kan kujerar nan, da ikon sauraron hirar kowa a hannunta, amma ba ta taɓa laɓewa a layi ba. In aiki ya sa dole ta shiga, sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ragnhild ce, ina kan layi." Ta ce wadda ta gada a kujerar ba haka take ba, ita kam har shawara take bai wa masu rigima ba su tambaye ta ba.

Da aka kawo injin da ke haɗa waya da kansa, aka rufe ɗakin. Ta auri Ejvind, masunci mai ƙarancin magana, ta haifi 'ya ɗaya, Solvej, ta kama aiki a rumfar gwanjon kifi har ta yi ritaya. Ejvind ya rasu bayan gajeriyar jinya, ya bar ta da gida mai jan rufi, da lambun dankali, da wani ƙaton muzuru mai suna Kyaftin wanda ba ya ganin kowa da gashi.

Mu a nan ba mu saba kulle ƙofa da rana ba. Amma wata Laraba da yamma, lokacin da rabin matan layi muke wurin gwajin waƙa, wasu suka zo da farar mota suka shiga gida uku. Na Ragnhild ne na ƙarshe. Sun ɗauki cokulan azurfa na mahaifiyarta da agogon hannun Ejvind. Ni na raka ta ciki. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tsaye tana kallon sawun takalmi a kan shimfiɗar da ta saƙa da hannunta, sannan ta ce, "Ko goge ƙafa ba su yi ba, Bodil." Bodil sunana ne. Sai da aka kwana biyu na lura ta daina zuwa kasuwar Asabar, wai ba ta son barin gida.

Solvej ta taso daga birnin Aarhus a ƙarshen mako, ta ce magana ɗaya ce: a saka ƙararrawar tsaro.

"Me ya rage da za a sata?" in ji Ragnhild.

"Mama, ba don cokali nake yi ba. So nake ki riƙa fita."

Ranar Litinin ma'aikacin kamfani ya zo. Ya manna wasu ƙananan idanu a kusurwoyin ɗakuna, masu gane motsi, ya kafa jiniya a zaure, ya rataye wani farin akwati mai maɓallai kusa da ƙofa. Ina wurin, don Ragnhild ta ce in zo in zama shaida. Da ya gama sai ya nemi wayarta don ya saka mata manhajar da ake sarrafa abin da ita. Ta miƙa masa tsohuwar wayarta mai maɓallai, wadda rubutun jikinta ya goge. Mutumin ya juya ta gaba ya juya ta baya.

"Uwa, wannan ai ba za ta ɗauka ba. Sai mai shafawa."

"Ba na shafa gilashi sai in ina wanke taga. Akwatin nan naka ba shi da lambar waya?"

"Yana da ita. Amma gaskiya ba wanda ke amfani da wannan hanyar yanzu."

"Yana da lamba, ana kiransa, yana ɗauka?"

"Yana ɗauka."

"To mun gama. Zauna ka sha kofi."

Ya bar mata littafin bayani mai shafi sittin, irin wanda kowa ke jefawa a aljihun tebur. Ita kuwa ta saka tabarau ta karance shi tas, har tana ja wa wasu wurare layi da fensir. Washegari da safe ta tsallako gidana da wayarta, ta tsaya a tagar kicin ɗina inda take hango ƙofarta, ta ce in zuba ido.

Ta buga lambar akwatin. Wata muryar mace da aka naɗa ta ɗauka ta nemi lambar sirri. Ragnhild ta danna guda huɗu. In ta danna ɗaya, gida ya shiga tsaro, wata 'yar jar fitila ta kama a saman ƙofa. In ta danna biyu, ya fita. Uku na kashe jiniya in ta tashi. Huɗu na ba ta damar jin abin da ke faruwa a cikin gida, biyar kuwa ta buɗe lasifikar zaure ta yi magana a ji ta. Idan wani ya shiga ba izini, akwatin da kansa zai kira ta, in ba ta ɗauka ba ya kira Solvej.

Sau shida ta kunna ta kashe a safiyar nan, fuskarta kamar ta yarinyar da aka saya wa keke.

"Aikinta na da kyau," ta ce, tana nufin muryar. "Tarbiyya ce babu. Ka kira mutum ba sannu ba ina kwana, sai 'saka lambar sirri'. Da a zamaninmu ne, kwana ɗaya za ta yi a kujera."

Asabar ɗin da ta biyo baya ta je kasuwa. Na gan ta a gaban mai cuku, jaka a hannu ɗaya, waya a kunne, tana sauraron falonta. Na tambaye ta me ta ji.

"Agogon bango da minsharin Kyaftin."

Kafin bazara gida biyar a layin sun saka irin tata. Kuma da yake yawancinmu tsofaffi ne masu manta lamba, kowa ya sa sunanta a matsayin ta biyu da akwatinsa zai kira. Ita ta koya mini tawa, da faɗa da komai. Sau biyu ƙararrawar gidan malamin makaranta ta tashi suna hutu a ƙasar Sifen, sau biyu Ragnhild ta saurara ta ce ba ɓarawo ba ne, injin sharar nan ne mai yawo da kansa, don ta ji yana karo da ƙafar tebur. Ta kashe jiniyar daga kujerar mai gyaran gashi, kanta cike da kumfa.

Mutum ɗaya ne ya ƙi. Thorkild, maƙwabcinta na hannun dama, tsohon makanikin jirgin fito, wanda matarsa ta rasu shekara guda bayan Ejvind. Dogo ne, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar inji, kullum cikin shuɗiyar rigar sanyi ɗaya. Shi da Ragnhild ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Shingen itatuwan da ke tsakanin gidajensu shi ne abin faɗansu: ita ta ce ya yi tsawo yana tare wa dankalinta rana, shi ya ce haka Ejvind ya bar shi. Duk da haka makullin gidanta na rataye a kicin ɗinsa tun zamanin Ejvind, nasa kuma na wurinta.

"Thorkild, in ka shiga gidana ina waje, sai ka danna lambar nan a akwati kafin daƙiƙa talatin," ta gaya masa ta saman shinge, ina ji daga lambuna. "Ka rubuta."

"Me zai kai ni gidanki?"

"Ka dai rubuta."

"Na ji. Kaina ba rariya ba ne."

Bai rubuta ba.

A watan Yuni ƙungiyarmu ta ɗauki hayar bas za mu je yin waƙa a garin Ribe. Mu talatin da biyu, mata sun fi yawa, kowa da burodin hatsi da kifin gwangwani a jaka, ga manyan butocin kofi ana miƙawa daga kujera zuwa kujera. Da muka fito gari garau yake. Ragnhild ta kunna tsaron gidanta daga cikin bas, a gaban kowa, don ta san ana kallo. Mun yi tafiyar awa biyu sai sama ta haɗe, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.

Ina zaune kusa da ita, muna gardamar ko baiti na uku ake fara sassauta murya ko na huɗu, sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba lambar, ta miƙe zaune sosai.

"Gidana ne."

Maganar ta zaga bas kafin ta gama danna lambar sirri. Direba ya kashe rediyo. Wata daga baya ta ce a kira 'yan sanda, wata ta ce a juya mota. Ragnhild ta ɗaga hannu ɗaya, kowa ya yi tsit. Ta kara wayar a kunne.

"Bari in ji tukuna."

Ta danna huɗu. Matan da ke kusa suka matsa mata sai ta buɗe sautin wayar kowa ya ji, ta buɗe. Jiniya ce ta fara cika bas. A ƙarƙashinta kuma ana jin takun mutum mai nauyi yana kai da kawowa, wani abu ya faɗi ya fashe, sannan muryar namiji ta ɗura wa akwatin wani zagi irin na ma'aikatan jirgi wanda ba zan maimaita ba. Matar fasto, da ke kujerar gabanmu, ta rufe baki da hannu.

Ragnhild ta sauke ajiyar zuciya. Ta danna uku, jiniya ta mutu. Ta danna biyar.

"Thorkild."

Sai muka ji ya ce, "Wane ne? Ina kike?"

"Ina hanyar Ribe. Me kake yi a gidana?"

"Ta ina kike magana? Bangon nan ne?"

"Bangon ne. Me ka fasa?"

"Tukunyar fure. Wannan abin naki ne ya buɗe mini baki a ka, na ja da baya. Ke kuma kin tafi kin bar tagar sama a hangame, ruwa na zuba a kan gadonki. Daga lambuna na hango labule na kaɗawa a waje kamar tuta."

Ragnhild ta dube ni. Sai ta koma kan waya.

"Na bar ta a buɗe?"

"A'a, Kyaftin ne ya buɗe don ya sha iska."

Bas ta kwashe da dariya, amma Ragnhild ta riga ta saki maɓallin magana, bai ji ba. Ta sake dannawa ta gaya masa inda tsummokara suke, ta ce ya yaye zanen gado ya shanya a bayan kujera, ya kuma bar fasassun tukunyar kada ya yanke. Ya ce ya san yadda ake tsane ruwa, shekara arba'in ya yi yana yi a cikin jirgi. Ta ce, "To, na gode." Ya ce, "Uhm."

Sai dai ba ta kashe waya ba. Dole ta jira ya gama ya fita ya ja ƙofa, sannan ta mayar da tsaro, in ba haka ba jiniya za ta sake tashi a kansa. Shi kuwa da ya ji bango ya yi shiru, sai ya ɗauka ta tafi. Muka ji ya hau bene, muka ji ya sauko yana haki. Muka ji ƙarar firiji, da kukan Kyaftin na roƙo.

"Kai ma ka tsorata ko?" Muryarsa ta sauya, ta yi laushi irin yadda ban taɓa jin ta ba. "Zo nan, ɗan banza. Ungo. Kada ka gaya mata." Sai ya ci gaba. "Uwar ɗakin nan taka, kai. Shekara biyu ke nan ina so in ce mata ta zo mu ci abinci ranar Lahadi. Sai na shirya maganar tsaf, da na hango ta sai in ji bakina na zancen shinge. Ni ina ruwana da shingen nan? In ta ce in tumɓuke shi yau..."

Ragnhild ta riga ta kai yatsa kan maɓalli. Fuskarta ta yi ja har kunne. Na ɗauka kashewa za ta yi ta yi kamar ba ta ji ba, kuma da ni ce haka zan yi. Amma biyar ta danna, ta yi gyaran murya.

"Ragnhild ce. Ina kan layi, Thorkild. Ban kashe ba."

Kowa a bas ya kasa kunne. Ana jin mashafin gilashin direba na kai da kawo. Daga can gidan kuwa sai ƙarar Kyaftin na lasar kwano.

"Tun yaushe?" ya tambaya a ƙarshe.

"Tun firiji. Kuma gara ka sani, ba ni kaɗai ba ce. Laifina ne, na bar sautin a buɗe."

"Su wa?"

"Ƙungiya."

"Duka?"

"Har direba."

Ya yi wani nishi mai tsawo. Na tausaya masa, har ga Allah. Ragnhild ta gyara zaman tabarau, ta dubi titi ta taga, ta ce da muryar nan tata ta aiki, "Ƙarfe nawa ne ranar Lahadin?"

"Iye?"

"Juyo da kunnen mai ji. Na ce ƙarfe nawa?"

"Sha biyu da rabi," ya ce. "In kina cin soyayyen kifi."

"Ina ci. Yanzu fita ka ja ƙofa da ƙarfi, tana cijewa. Zan ƙirga ashirin."

Muka ji ƙofa ta bugu. Ta ƙirga ashirin ɗin a hankali, ta danna ɗaya, muryar nan ta ce gida ya shiga tsaro, ta kashe waya ta jefa a jaka. Sai bas ta fashe. Tafi, guɗa, masu buga kujera, direba har da danna hon. Matar fasto na share hawayen dariya. Ragnhild ta juya ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya.

"Duk wadda ta tsokane shi da maganar nan, in ƙararrawarta ta tashi ta nemi mai kashe mata."

Ba wadda ta tsokane shi. Sati uku dai ya yi yana zagayawa ta bayan gari in zai je sayen burodi, kuma duk macen da ta gaishe shi sai ya ƙura wa takalminsa ido.

Ranar Lahadin na ga ta fito da rigarta mai ruwan toka ta zuwa biki, ɗauke da kwanon 'ya'yan itace da kirim na madara. Sai ƙarfe biyar ta koma gida. Da na tambaye ta yadda aka yi, ta ce kifin ya ɗan ƙone ta gefe ɗaya, dankalin kuma ba laifi. Iyakar abin da na samu ke nan.

Solvej ce ta fi kowa mamaki. Ta kira ni tana tambaya ko gaskiya ne abin da take ji, na ce ta tambayi uwarta. Ta ce ta tambaya, an ce mata ta kula da harkar gabanta.

Ba su yi aure ba, kuma ba wanda ya bar gidansa. Ragnhild ta ce ta tsufa da koyon minsharin sabon mutum. Amma Lahadi a gidansa ake ci, Laraba a nata, kuma ya fara zuwa jin waƙarmu, yana zama a layin baya ya juyo da kunnen mai ji. Da aka yi mata aikin ƙugu a hunturun da ya wuce, shi ya riƙa kai ta asibiti motsa jiki sau biyu a mako, yana tuƙi a hankali har motoci na yin layi a bayansa, tana yi masa faɗa. Yanzu shekararta tamanin da ɗaya, tana tafiya da sanda in za ta yi nisa.

A watan gobe za su hau babban jirgin ruwa zuwa tsibiran Faro, inda Thorkild ya yi aiki yana saurayi. Ita da ta yi rayuwarta duka a bakin teku, ashe ba ta taɓa kwana a kansa ba. Jiya da safe ta leƙo ta tagar kicin ɗina ta ce in sa riga in raka ta garin Lemvig sayen takalmin hawan dutse, wai Thorkild ya zaɓo mata wasu baƙaƙe masu kama da na sojoji. Mun shiga shago uku. Ta sayi jajaye.